Harsashin .22 a ƙaramar bindiga: tsakanin CCI Standard Velocity da CCI Mini-Mag

Kamfanin CCI, wanda aka kafa a 1951 a garin Lewiston na jihar Idaho ta Amurka, yana yin harsasai iri-iri masu lamba .22 LR (Long Rifle, ƙaramin harsashi mai faɗin kimanin inci 0.22), amma biyu daga cikinsu ne suka fi zama a hannun masu wasan harbin allo da ƙaramar bindiga. Na farko shi ne Standard Velocity, mai matsakaicin gudu, na biyu kuma Mini-Mag, mai babban gudu. Na daɗe ina ganin aikinsu gefe da gefe a wani filin harbi na hukuma a nan jihar Kebbi, inda nake taimakawa wajen horar da ƙananan jami'an da ke da sha'awar gasar harbi, kuma hukuncina a kansu ba ɓoyayye ba ne: mai harbin allo ya fara da mai matsakaicin gudu, kada ya koma ga mai babban gudu sai idan bindigarsa ce ta ƙi aiki da na farkon. Yawancin matasan da ke zuwa mana da akasin wannan tunani suke zuwa, domin lambar da ke jikin kwalin Mini-Mag ta fi girma, su kuma sun ɗauka duk abin da ya fi gudu ya fi kyau.

Dole a fara da doka, saboda a Najeriya wannan ba kaya ba ne da ake shiga kanti a saya. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da ire-irenta suna buƙatar lasisin kwamishinan 'yan sanda na jiha, bindigar farauta da ta iska suna buƙatar na Sufeto Janar, amma fistol da libarba suna cikin rukunin haramtattun makamai waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da su ba bisa ƙa'ida ba yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Harsashi ma ba a riƙe shi sai da lasisin bindigar da ta dace da shi, shigo da shi ƙasa kuma sai da takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Saboda haka duk harsashin da nake magana a kansa daga ma'ajiyar makamai ta hukuma yake fitowa, a ƙirga shi a rubuta, a harba a gaban mai kula da fili, sannan a tattara kwanson a mayar. Wannan sharhi na masu aiki a cikin wannan tsari ne, da masu bin wasan harbi a matsayin wasa.

Harsashin .22 LR tsoho ne ƙwarai. Asalin danginsa daga Faransa yake, inda wani maƙerin bindiga mai suna Flobert ya ƙera ɗan ƙaramin harsashi mai tashi ta gefe a 1845, sai Smith & Wesson suka fito da .22 Short a 1857 tare da libarbarsu ta farko, sannan kamfanin Stevens ya kawo .22 LR a 1887. Abin da ya bambanta shi da harsasan soja da na 'yan sanda shi ne wurin da wuta ke tashi. A manyan harsasai akwai ɗan maɓalli a tsakiyar gindin kwanso wanda allurar bindiga ke bugawa. A wannan kuwa, sinadarin kunna wutar an zuba shi ne a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson, allura ta matse leɓen, wuta ta kama albarushi. Wannan ƙira ce ta sa yake da arha, ita ce kuma ta sa ba ya ɗaukar matsi mai yawa, domin dole kwanson ya zama mai laushin da allura za ta iya lotsa shi. Dalmar da ke bakinsa faɗinta ɗaya da kwanson, gindinta ne kawai aka rage ya shiga ciki, don haka maiƙon da ke sauƙaƙa mata wucewa cikin bututu a waje yake, ba a ɓoye ba. Wannan maiƙo na waje zai dawo cikin maganarmu idan mun zo batun zafi da ƙura.

Standard Velocity yana ɗauke da dalma mai nauyin giren 40, wato giram 2.6, baƙa mai ɗan santsin kaki a hannu, kuma gudun da aka rubuta masa ƙafa 1,070 ne a sakan, kimanin mita 326. Mini-Mag mai dunƙulallen kai shi ma giren 40 ne, an yi masa siririn shafe na jan ƙarfe, gudunsa a rubuce ƙafa 1,235 a sakan, kimanin mita 376. Akwai kuma Mini-Mag mai rami a kai, giren 36, ƙafa 1,260 a sakan, wanda na ƙananan dabbobin farauta ne, ba ruwan mai allo da shi. Idan aka lissafa ƙarfin bugu daga waɗannan lambobi, na farko yana da kimanin jul 138, na biyu kimanin jul 183, wato ya fi shi da kusan kashi ɗaya bisa uku. A takarda ke nan.

Abin da kwalin bai faɗa da babbar murya ba shi ne cewa an auna wannan gudu ne a bututun gwaji mai tsawon doguwar bindiga, alhali bututun fistol ɗin harbin allo tsakanin inci 4 zuwa 6 yake. Albarushi yana buƙatar wuri kafin ya gama tura dalma, kamar dokin sukuwa ne da aka sake shi a gajeren fili, kafin ya buɗe ƙafa ya kai bango. A gajeren bututu, dalma ta riga ta fita kafin iskar albarushin ta gama aikinta, ragowar sai ta tafi a ƙara da walƙiya a bakin bindiga. Shi ya sa Standard Velocity a fistol yakan sauko ƙasa da mita 300 a sakan, Mini-Mag kuma yakan tsaya a sama da mita 300 da 'yan kai. Bambancin yana nan, amma dukkansu sun bar lambar da ke kwali a baya, kuma wani kaso na ƙarin albarushin da ke cikin mai babban gudu kunnen mai harbi ne ke karɓarsa, ba allo ba.

Wannan yana da muhimmanci saboda hujjar da aka fi kawowa wajen fifita mai matsakaicin gudu hujja ce ta doguwar bindiga, kuma sau da yawa ana ɗauko ta a ɗora wa fistol ba tare da an duba ko ta dace ba. Hujjar ita ce ta gudun sauti. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin iska yana digiri 20. Harsashin da ya fito da gudun da ya wuce wannan, kamar Mini-Mag a doguwar bindiga, yana rage gudu a hanya har ya ratso iyakar sauti ya dawo ƙasa, kuma a wannan ratsawa iskar da ke kewaye da shi tana rikicewa, ta ɗan girgiza shi. Mai matsakaicin gudu tun fitowarsa yana ƙasa da iyakar, bai haɗu da wannan rikici ba, har ma iskar gefe ba ta kautar da shi kamar yadda take kautar da mai babban gudu, abin da ke ba mutane mamaki idan sun fara ji. Duk wannan gaskiya ne a doguwar bindiga a nisan mita 50 zuwa 100. A fistol kuwa, mafi yawan lokaci su biyun a ƙasa da gudun sauti suke fita, don haka babu iyakar da za a ratsa. A ƙasarmu ma abin ya fi haka, domin gudun sauti yana ƙaruwa da zafi: a tsakiyar ranar bazara a Birnin Kebbi, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, sauti yana gudun kusan mita 355 a sakan, da sanyin safiyar hunturu kuwa yakan sauko kusan 340. Sai a fistol mai dogon bututu, da safiyar sanyi, Mini-Mag zai matso bakin wannan iyaka.

Haka nan batun faɗuwar harsashi a hanya, wanda masu son mai babban gudu ke kafa hujja da shi, ba shi da nauyi a nisan da ake harbin fistol. Harsashin da ke gudun mita 285 a sakan yana ɗaukar kusan kashi 9 cikin 100 na sakan kafin ya kai mita 25, kuma a wannan lokaci nauyinsa yana saukar da shi kimanin santimita 4. Wanda ke gudun mita 320 yana sauka kimanin santimita 3. Tazarar santimita 1 ce, wadda ake gyarawa da murɗa saitin baya sau ɗaya a manta. Wani lokaci ma mai jinkirin ne ke sauka a sama, domin ya fi daɗewa a cikin bututu yayin da bakin bindiga ke ɗagawa. Abin lura kawai shi ne duk wanda ya sauya harsashi ya sake saita bindigarsa kafin ya zargi hannunsa.

Inda zaɓin ke da nauyi na gaske shi ne a cikin bindigar kanta. Fistol ɗin .22 mai ɗura kanta ba ta da wani makulli da ke riƙe bayan bututu a lokacin harbi. Murfin ƙarfen da ke zamewa a samanta, wanda ake kira silaid, nauyinsa da sifirin ɗin da ke bayansa su ne kaɗai ke tare kwanso. Idan harsashi ya tashi, turin da ya kori dalma gaba shi ne ke tura silaid baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya jefar, ya ɗana guduma, sannan sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗebo sabon harsashi daga magazin, wato gidan harsasan da ke jikin bindigar. Duk wannan aiki daga ƙarfin ɗan harsashin nan yake fitowa, kuma masu ƙera bindiga sun auna nauyin silaid da taurin sifirin ne bisa wani irin harsashi da suke da shi a zuciya. Idan turin ya gaza, silaid ba ya kaiwa ƙarshen tafiyarsa, sai kwanso ya maƙale a bakin taga a tsaye, ko kuma silaid ya dawo bai ɗebo komai ba, mai harbi ya ja kunama ya ji shiru. Idan turin ya yi yawa, silaid yana dukan jikin bindiga da ƙarfin da ba a yi ta dominsa ba, harbi bayan harbi, har ƙarfe ya gaji.

Tarihin bindigogin ya nuna wannan a fili. Harsashi mai babban gudu bai fito ba sai a 1930, daga kamfanin Remington, don haka Colt Woodsman na farko-farko, wadda John Browning ya zana ta fito a 1915, an yi ta ne domin mai matsakaicin gudu, sai a farkon shekarun 1930 aka ƙarfafa ta don ɗaukar sabon. Tsofaffin fistol na High Standard ma masu gyaransu sun daɗe suna gargaɗin cewa yawan harba mai babban gudu yana tsaga jikinsu. Masu riƙe da Smith & Wesson Model 41, wadda ta fito a 1957, galibinsu da mai matsakaicin gudu suke ciyar da ita, haka ma bindigogin gasa na Turai irin su Pardini ta Italiya da Walther GSP ta Jamus. A ɗaya gefen kuma akwai fistol ɗin horo da aka ƙera su da siffar manyan bindigogin aiki, masu dogon silaid da guduma a waje, waɗanda ke cin ƙarfi mai yawa kafin su zagayo. SIG Mosquito ita ce misalin da aka fi sani, domin kamfaninta da kansa ya ba da shawarar Mini-Mag, har yana haɗa ta da sifirin biyu don a sauya bisa ga harsashi. Dangin Ruger Mark, waɗanda suka samo asali a 1949, da Browning Buck Mark ta 1985, suna tsakiya: da wuya su ƙi ɗaya daga cikin biyun idan suna da tsabta.

A nan ne Mini-Mag ya samu sunansa, kuma ya cancanci sunan. A bindigar da ke da zaɓen abinci, ko sabuwa wadda sifirin ɗinta bai saki ba tukuna, ko wadda ta ɗan yi datti a ƙarshen doguwar ranar horo, shi ne harsashin da na fi amincewa zai zagayo da silaid ba tare da gardama ba. Sabuwar bindiga takan so a fara ta da shi na ɗan lokaci, daga baya idan sassanta sun goge juna sai a gwada mata mai matsakaicin gudu, sau da yawa ta karɓa. Amma a kula da wani kuskuren fahimta da ya yaɗu: mai babban gudu ba wai ya wuce iyakar matsin da aka amince ba ne. Ƙungiyar SAAMI mai tsara ma'aunin harsasai a Amurka ta sa wa .22 LR iyakar matsi guda, fam 24,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma dukkansu biyu a ƙarƙashinta suke. Bututu ba zai fashe ba. Abin da ke wahala shi ne silaid da jikin bindiga da ke shan duka, kuma wannan lalacewa a hankali take zuwa.

Ga mai harbin gasa kuwa, sauƙin turin baya shi ne babbar ribar Standard Velocity. Kowa ya san .22 ba ta da wani turi na a zo a gani, amma wanda ya tsaya da hannu ɗaya a miƙe yana neman tsakiyar allo ya san bambancin da ke tsakanin bakin bindigar da ya ɗan motsa ya dawo wurinsa da wanda ya zabura. A gasar harbin sauri ta mita 25 ta maza, wadda ake yi a Olamfik a ƙarƙashin hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai harbi yana harba harsashi 5 a allo 5 daban-daban cikin sakan 8, sannan cikin sakan 6, sannan cikin sakan 4, kuma da'irar maki 10 faɗinta milimita 100 ne kacal. A allon harbin natsuwa na mita 25 kuwa milimita 50 ce. Cikin sakan 4 babu lokacin jiran bindiga ta sauko. Har zuwa 2004 da .22 Short ake wannan gasa saboda rashin turinsa, daga 2005 aka koma .22 LR, kuma da yake an san 'yan wasa za su nemi harsashi mafi laushi, sai aka sa ƙa'ida cewa dalma kada ta gaza giren 39, gudu kuma kada ya gaza mita 250 a sakan. Abin lura ne cewa hukumar iyakar ƙasa ta sa, ba ta sama ba, domin babu gwanin da ke neman ƙarin gudu. Wani matashi ya taɓa tambayata, "Ranka ya daɗe, to in mai gudu ya fi ƙarfi, me ya hana zakarun duniya amfani da shi?" Amsar tana cikin tambayarsa: takarda ba ta buƙatar ƙarfi kafin ta huje.

Game da haɗuwar harbi wuri ɗaya, a gwaje-gwajen da muke yi da bindiga a kan jakar yashi, Standard Velocity ya fi tattara ramukansa a yawancin fistol ɗin allo, amma ba na danganta wannan ga gudu shi kaɗai. Dalma mai laushi da kaki tana kama zaren cikin bututu da kyau, kuma a al'adar masana'antar, harsasan da ake kula da daidaiton albarushinsu da siffar dalmarsu sosai duk a rukunin matsakaicin gudu ake yin su. Eley Tenex na Ingila, wanda ya fito a 1951, da Lapua na Finland, da SK da RWS na Jamus, duk a nan suke, wasunsu ma suna da samfuri na musamman domin fistol. Standard Velocity bai kai waɗannan ba, kuma bai yi da'awar ya kai ba, amma farashinsa ya yi ƙasa da nasu nesa ba kusa ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu a mita 25 ta fi ƙanƙanta da rawar hannun wanda bai ƙware ba. Ɓarna ce a ba mai koyo Tenex. Mini-Mag ma ba shi da laifi a nan, domin a cikin masu babban gudu yana cikin waɗanda suka fi daidaito, kuma akwai bindigar da za ta fi son sa ba tare da wani dalili da za a iya nunawa ba. Kowace bindigar .22 tana da nata ra'ayi, har ma rukuni biyu na samfuri ɗaya, waɗanda aka yi a lokuta daban-daban, suna iya bambanta. Lambar rukuni tana jikin kwali, kuma mai hankali yana rubuta ta.

Yanayinmu shi ne wurin da nake ba Mini-Mag maki fiye da yadda mai sharhi a ƙasar sanyi zai ba shi. Kakin da ke jikin dalmar mai matsakaicin gudu yana laushi a zafin Afrilu, ya zama mai danƙo, kuma idan hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi kamar gari, duk harsashin da aka bari a buɗe ko aka zuba a aljihu sai ya kwashe ta. Wannan haɗin kaki da ƙura yana taruwa a leɓen magazin da makwancin harsashi, yana rage wa silaid gudu, kuma ƙurar da ta bi dalma ta shiga bututu tana gogar ƙarfe. Mini-Mag ya fi bushewa a hannu, bai cika kwasar datti ba, kwalinsa na roba mai cin 100 kuma yana riƙe kowane harsashi a raminsa. Shafen jan ƙarfen nan siriri ne ƙwarai, ba riga ba ce irin ta harsashin soja, amma yana rage baƙin da ke maƙalewa a yatsu. Wanda ya zaɓi Standard Velocity a nan ya yarda da ƙarin aiki: kwali a rufe a inuwa, ba a cikin mota a rana ba, a ɗebo iya abin da za a ɗura, a kuma goge makwancin harsashi da burushi a tsakiyar horo. Da damina kuma, musamman a yankunan bakin kogi irin Yauri da Argungu, laima ce abokiyar gaba, domin bakin kwanson .22 bai toshe sosai yadda zai hana danshi shiga ba, don haka akwatin ƙarfe mai roba a murfi shi ne wurin ajiya ga dukkansu biyu.

Mun taɓa karɓar wani samfuri mai arha, mai babban gudu, irin wanda ake zubawa a kwali barkatai ba a jera ba, kuma shi ne ya koya wa matasanmu cewa gudu ba shi ne inganci ba. Ƙararsa ma ba ɗaya ba ce daga harbi zuwa harbi, wani ya yi tsawa wani ya yi tari, wasu kuma allura ta buga su ƙi tashi saboda sinadarin bai zagaye leɓen kwanson duka ba. Ƙa'idarmu a irin wannan hali ita ce a bar bakin bindiga yana kallon allo na kimanin sakan 30, domin akwai wanda ke jinkirin tashi, sannan a fitar da shi a miƙa wa mai kula da fili. Idan kuma harbi ya yi ƙara mai rauni fiye da saba, a tsaya a duba bututu, kada dalma ta tsaya a ciki a bi ta da wata.

Libarba ba ta shiga yawancin wannan muhawara, tunda yatsa ko babban ɗan yatsa ne ke juya tulunta, ba turin harsashi ba. Komai aka sa mata za ta harba, don haka babu dalilin ba ta mai babban gudu a harbin allo. Harsasai masu matsanancin gudu kuwa, irin su Stinger mai giren 32 da ƙafa 1,640 a sakan a rubuce, na fitar da su daga lissafi gaba ɗaya. Kwanson Stinger ya fi na .22 LR na yau da kullum tsawo da kimanin milimita 2, kuma ba a sa shi a bindigar gasa mai matsattsen makwanci.

Kada laushin ɗayansu ya ruɗi kowa. Ƙarar fistol ɗin .22 tana wuce desibel 140, matakin da harbi ɗaya ke iya yi wa kunne illa, kuma Mini-Mag ya fi kaifin ƙara a gajeren bututu, don haka abin toshe kunne da tabarau wajibi ne ga mai harbi da na kusa da shi. Gargaɗin da ake bugawa a kwalayen .22 LR yana cewa harsashin yana da haɗari har nisan da ya wuce kilomita 2, abin da ya sa tudun ƙasa a bayan allo ba ado ba ne a ƙasar da makiyaya da manoma ke ratsa kowane fili. Dalma kuma guba ce, sai a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko goro.

Akwai tambayar da ba ta rasa fitowa a wannan yanki saboda halin tsaron da ake ciki, musamman tun watan Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Tambayar ita ce ko mai babban gudu ya fi dacewa da kare kai. Ba na auna waɗannan harsasai da wannan ma'auni, domin doka ba ta buɗe wa farar hula ƙofar fistol ba, kuma harsashin da ke tashi ta gefe ya fi na tsakiya yawan ƙin tashi, shi ya sa ba shi jami'an tsaro ke ɗauka zuwa bakin aiki ba. Aikinsa a wurinsu horo ne mai arha da gasa.

Hanyar da nake bi idan aka kawo sabuwar bindiga fili ba ta da wuya. A fara karanta littafin da ya zo da ita, domin idan masu ƙera ta sun ambaci irin harsashin da suke so, maganarsu ta riga ta kowa. Sannan a wanke ta, a sa mata mai kaɗan, a harba kwali guda na Standard Velocity ana lura da abu biyu: ko kowane kwanso ya fita da ƙarfi ya faɗi wuri kusan ɗaya, da kuma ko silaid ya tsaya a buɗe bayan harsashin ƙarshe. Idan ya tsaya a buɗe kowane lokaci, alama ce yana kaiwa ƙarshen tafiyarsa, kuma bindigar ba ta buƙatar ƙarin turi. Idan yana gazawa, a duba magazin da riƙon mai harbi kafin a zargi harsashi, domin sakakken wuyan hannu yana shanye turin da silaid ke buƙata. Sai idan waɗannan sun fita daga zargi ake komawa Mini-Mag. Wajen gwada haɗuwar harbi kuma, a goge bututu tsakanin samfuri da samfuri, a zubar da harbin farko-farko ba tare da an ƙirga su ba har sabon maiƙon ya shafe cikin bututu, sannan a harba rukuni-rukuni na 10 a kan jakar yashi a mita 25, a auna da rula, a rubuta tare da lambar rukunin kwali da zafin ranar. A ma'ajiyarmu, abin da nake roƙon a riƙa nema shi ne mafi yawa Standard Velocity daga rukuni ɗaya domin fistol ɗin allo, da ɗan kaso na Mini-Mag domin sababbin bindigogi da na horo masu nauyin silaid, kowanne a akwatinsa da sunan bindigar da ke cin sa a rubuce a murfi.